Wankan Inna Madina

Ikilima ta sake yin sallama tana tsaye a tsakar gida da kwanon kunu a hannu, ba wanda ya amsa. Yelwa na zaune a bakin ƙofar ɗakin mara lafiya, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya, tana ɓarar gyaɗa a faifai kamar ba da ita ake ba.

"Goggo Yelwa, amsa sallama dai wajibi ne."

"Wa'alaikumus salamu, Malama. Na sauke wajibi. Sai ki juya."

"Dubiya na zo yi."

"Ai kin riga kin duba ta tun bara. Kin duba, kin kuma ba gari labari. Me ya rage da ba ki gani ba?"

Bazara ce, irin zafin Daura da ke sa kaza ta buɗe baki ta saki fiffike. Ikilima ta tsaya cikin ranar nan, dogon hijabinta ya jiƙe da gumi a wuya, ta rasa ta gaba ta rasa ta baya. Daga cikin ɗaki ana jin numfashin Inna Madina yana fita da ƙyar, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi, ana kuma jin muryar 'yarta Maijidda tana lallashinta ta kurɓi ruwa ko da cokali ɗaya ne.

Wanda bai san mafari ba zai ce Yelwa ta cika mugun hali. To, ruwa ba ya tsami banza.

Madina ita ce mai wankan gawar mata a unguwar tun tana da sauran ƙuruciya, wurin kakarta ta gada. Yelwa kuwa, maƙwabciyarta ta katanga ɗaya, ita ce mai zuba mata ruwa. Haka aikin yake: ɗaya ta naɗe hannu da ƙyalle tana wankewa, ɗaya ta riƙe buta tana zubawa, a sakaya ƙofa, abin da ido ya gani a ɗakin nan a nan ake barinsa. Sun ga matar attajiri da shatin bulala a gadon baya. Sun ga tsohuwar da 'ya'yanta suka yi wa sakaci har ƙwarkwata ta cinye mata kai. Sun ga abubuwan da in aka faɗa, aure zai mutu, zumunci ya watse. Ba a taɓa jin ko ɗaya a bakin Madina ba. In wata ta matsa mata da tambaya sai ta ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Haihuwa tara ta yi, duk a gida, a durƙushe. Da ta doshi hamsin sai al'ada ta fara yi mata wasan ɓuya, ta zo yau ta ɓace watanni, har ta ɗauke gaba ɗaya. Wani zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska ko da sanyin safiya. Daga nan kuma mara ta daina yi mata biyayya. In ta yi tari, ko atishawa, ko ta ɗaga bokiti, ko dariya ta kama ta, sai ta ji ɗumi. Wani lokaci kuma fitsarin ya taso mata gaba ɗaya ba sallama, ƙarar ruwa kawai za ta ji ana juyewa a randa, ta yar da abin da ke hannunta ta nufi banɗaki, wani sa'in ta kai, wani sa'in ba ta kai ba. Ga shi kuma aikinta na ruwa ne. Ta yayyaga tsofaffin zannuwa ta yi ƙunzugu, tana wankewa tana shanyawa a bayan rumbu inda ido ba ya kaiwa. Ta riƙa zama a ruwan bagaruwa safe da yamma. Yelwa kaɗai ta sani. In suna cikin wanka Madina ta yi mata ido, sai Yelwa ta leƙa ta ce wa masu gida za a ƙaro ruwa, Madina ta zame ta je ta kimtsa ta dawo. Shekaru suna haka, asiri a rufe.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka buɗe Islamiyyar matan aure a unguwar. Abin alheri ne, ba mai musu, mata sun koyi abin da iyayensu suka mutu ba su sani ba. Ikilima mace ce mai kaifin kai da zaƙin baki, ta fi kowa saurin hadda, ba a daɗe ba aka ɗora ta kan ajin, mata suka fara kiranta Malama. Ita da ƙafarta ta zo ta durƙusa gaban Madina, ta ce ta karanta wankan gawa a littafi, tana so ta gani a aikace. Yelwa ba ta so ba, ta ce ɗakin na mutum biyu ne. Madina ta ce su biyun ma wata rana wani ne zai wanke su, a bar yarinya ta koya.

Rasuwar uwar wata 'yar unguwa, Rahmatu, ce ta farko da suka shiga su uku. Tsohuwar mai jiki ce. Madina ta tallabo kafaɗarta za ta juya ta ke nan, hayaƙin turaren wuta ya sarƙe ta, tari ya turnuƙe ta. Ƙunzugun bai riƙe ba. Ya biyo ƙafa ya sauka a daɓe, can gefe, ko ɗigo bai kusanci mamaciya ba. Madina ta fita ta yi tsarki ta sake zane, Yelwa ta kora wurin da ruwa, suka ƙarasa aiki kamar yadda ya kamata. Ikilima ta kawar da kai.

Ba a rufa mako ba ta miƙe a cikin aji, ɗaki cike da mata, ta ce tana da nasiha, amma ba za ta kama suna ba. Ta ce akwai wata baiwar Allah da ke wanke musu mamata alhali fitsari na zubo mata, ba ta da tsarkin da za ta yi salla balle ta tsarkake wani, a ji tsoron Allah. Mai wankan gawa ɗaya ce tal a unguwar. Ƙin kama sunan nan kamar a ɓoye raƙumi ne a bayan tsintsiya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wuyan wani ya fara shaƙewa kafin ya zo ga mai shi.

Magana zarar bunu. Kafin la'asar ta zaga gida-gida, kowa ya ƙara mata gishiri. Wasu suka ce yoyon fitsari ne irin na masu doguwar naƙuda, wasu suka ce iska ce ta shafe ta don yawan taɓa gawa, wasu da suka shekara suna cin tuwo kwano ɗaya da ita suka ce dama sun daɗe suna jin wari. In ta je gidan suna sai a ba ta tsohuwar tabarma can wajen turmi. A sallar asham mata suka bar mata giɓi hagu da dama, sai Yelwa ce ta matso ta haɗa kafaɗa da ita. Da aka sake yin rasuwa, Ikilima aka aika wa.

Yelwa ta sa mijinta ya kai tambaya wurin Liman Zakiyyu. Liman ya ce wannan lalura ce da malamai suka yi wa babi tun kakannin kakanni, mai ita ta yi tsarki ta sake ƙyalle ta yi sallarta, Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, kuma duk wankan da matar ta yi ingantacce ne. Ya faɗa da kyau, amma a zaure ya faɗa, gaban maza. Maza kuwa kunyar kai irin wannan zance cikin gida suke yi. Don haka amsar ta zauna a zaure, tsegumin ya ci gaba da yawo a tsakar gidaje.

Maijidda ce ta zo daga Baure, inda take aure, ta tasa uwarta gaba zuwa asibiti. Ma'aikaciyar da suka tarar dattijuwa ce, ta saurara har ƙarshe sannan ta ce mata da yawa masu shekarun Madina haka suke, ba sa faɗa ne kawai. Ta ce naman da ke tallabe da mara ne ya saki saboda yawan haihuwa da ɗaukewar al'ada, kuma nama ne kamar na dantse, in ana motsa shi yana ƙarfi. Ta koya mata ta riƙa matse ƙasanta kamar mai riƙe iska a cikin mutane, ta ɗan riƙe, ta saki, ta maimaita, safe da rana da yamma, ta kuma matse kafin ta yi tari ko ta ɗaga kaya. Ta rage goro da shayi. Ta riƙa zagayawa kan lokaci tun bai matsa mata ba, a hankali ta tsawaita tsakani. Sannan ta kama hannunta ta ja mata kunne kan abu ɗaya: ko me za ta bari, kada ta bar shan ruwa.

Madina ta riƙe maganar da gaske. Barin goro ne ya fi ba ta wuya. Tana tsintar shinkafa tana yi, tana lazimi tana yi. In Yelwa ta ji gidan ya yi tsit sai ta ɗaga murya ta kan katanga.

"Yaya, shiru haka? Matsewar ake yi?"

"Ke dai ki fara tun yanzu, naki yana hanya."

Ran nan suka yi dariya har Madina ta riƙe ciki, da ta duba kuma ta ga zanenta a bushe. Ta leƙo ta kan katanga ta gaya wa Yelwa, idonta na ƙyalli kamar yarinyar da aka yi wa ɗinkin salla. Ciwon yana jin magani. Da ciwon ne kaɗai, da yau Madina na nan.

Sai ga Rahmatu wata safiya, wadda aka wanke uwarta ranar da abin ya faru. Ba da faɗa ta zo ba, da kuka ta zo, wannan kuwa ya fi faɗa ciwo. Ta tsuguna nesa da tabarma ta ce tana yawan mafarkin tsohuwarta.

"Inna, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Da tsarki aka sa Iya a kabari?"

Madina ta rantse mata. Rahmatu ta share hawaye ta yi godiya, amma da za ta fita ta waiwayo ta tambaya ko akwai sadakar da ake yi ta gyara irin wannan. Yelwa na jin su ta kan katanga. Ta ji fitar Rahmatu, ta jira ta ji motsin Madina, ba ta ji ba har azahar.

Tun daga ranar Madina ta yi wa ruwa yaji. Da fari ranar da za ta fita ce kawai ba ta sha, daga baya ta mai da shi kullum, kurɓi ɗaya da safe, kurɓi ɗaya in za ta haɗiye tuwo. Yelwa ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta tuna mata kashedin asibiti. Madina ta ce tulun da ba a zuba wa ba, ba ya zubarwa. Ƙunzugun ma ta ninka shi, ta ɗaure shi tamau da igiya a ƙugu, yini guda ba ta kwancewa in akwai baƙi a gida. Bazara ta shigo ta same ta a haka. Fitsarin ya koma ja yana ƙuna, zazzaɓi ya biyo, sai ciwon kwiɓi, duk ta ɓoye har ranar da ta faɗi a bakin murhu. Likita ya ce cutar ta hau har ƙoda, an zo a makare. Ta yi kwanaki ana ƙara mata ruwa ta jijiya, ƙafafu suka kumbura, fitsarin da ta yi ta gudu ya ɗauke ɗif. Ta ce a mai da ita ɗakinta.

Wannan shi ne abin da ke zaune a ƙirjin Yelwa sa'ad da ta tare ƙofa.

"Yelwa," muryar Madina ta fito a dishe. "Wa ke nan?"

"Ba kowa, Yaya. Akuya ce ta shigo."

"Akuya mai sallama? Bar ta ta shigo."

Yelwa ta janye ƙafa ɗaya kawai, sai da Ikilima ta raɓa ta wuce. Ta ajiye kwanon ta durƙusa a gaban gado, kuka ya ci ƙarfinta. Ta ce ta je wurin Liman da kanta, ta gane ta yi magana ba da sani ba, ta kuma miƙe a aji ta warware abin da ta faɗa. Yelwa ta ce daga bakin ƙofa wannan shi ake kira ihu bayan hari. Ikilima ba ta kula ta ba, ta ci gaba da roƙo, ta ce ba ta iya barci, ba ta so Inna ta tafi da haƙƙinta a wuyanta, don ta san haƙƙin bawa Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe.

Madina ta daɗe tana kallonta. Leɓɓanta sun tsattsage, idanun sun faɗa, amma kallon na nan yadda yake.

"Kin iya aikin yanzu?"

"Na iya, Inna."

"To ke za ki wanke ni. Yelwa ta zuba."

"Inna, yafiya na zo nema."

"Na ji abin da kika zo nema. Ban ce na yafe ba. Cewa na yi ke za ki wanke ni. Tashi ki je."

Ikilima na fita Yelwa ta faɗa ɗakin kamar an koro ta. Ta ce in dai tana numfashi hannun matar nan ba zai taɓa jikin Yayarta ba, ita za ta yi wankan Maijidda ta zuba, in ma ba haka ba a ɗauko wata daga Zango. Ta ce wadda ta tona mai rai, me zai hana ta tona gawa? Madina ta bar ta ta zazzage, sannan ta yafuto ta da yatsa ta matso.

"Wancan karon ta fake da nasiha, ta ce mai rai ce ta gani. Wannan karon gawa za ta gani. Ita da bakinta take karantar da mata hukuncin wanda ya tona asirin mamaci. Ina so ta taɓa aikinta da hannunta, ta fito ta rasa wanda za ta gaya wa. Mai son magana, ki ba ta abin da ba ya faɗuwa, ki ga yadda zai ci ta."

Yelwa ta zauna a gefen gado. Wani sanyi ya sauka a zuciyarta, irin wanda ba ta ji ba tun bara. Ta ce a ranta, ashe dai Yaya ba ta mutu ba tukuna. Rama cuta ga macuci ibada ne, haka na da suka ce, kuma na da ba su yi ƙarya ba.

Kashegari da hantsi Maijidda ta fita tasha ta ba direban Zango saƙo zuwa ga yayanta, ya zo maza. Aka bar su biyu. Madina ta farka garau, irin warwarewar nan da Yelwa ta sha gani ta kuma san ma'anarta. Ta ce a ba ta ruwan randa. Yelwa ta ɗebo moɗa cike ta tallabe mata kai, ta sha, ta huta, ta sake sha har ya zubo mata a haɓa.

"Ashe haka yake da daɗi," in ji ta. "Kin ga wauta, Yelwa. Yanzu ko na sha ba ya fita."

Yelwa ta goge mata haɓa da bakin zane. Ana jin daka daga gidan baya, da mai tallan kalanzir yana wucewa a lungu. Can Madina ta lalubo hannunta ta riƙe.

"Jiya na kwana ina lissafin nawa zunubin, na ga ba ni da ƙarfin da zan tsaya riƙe da wuyan wata a gaban Ubangiji. In ta gama wankan, ta ɗaure likkafani, ki ce mata na yafe. Ba kafin nan ba. Amma ki gaya mata."

Yelwa ta zuba wa randa ido.

"Kin ji ni?"

"Na ji ki, Yaya."

"Ji daban, ɗauka daban. Na san halinki."

"Ƙara ruwan," in ji Yelwa.

Madina ba ta ƙara ba. Ta rufe ido, leɓɓanta suka ci gaba da motsi. Yelwa ta sunkuya tana laƙƙana mata kalmar shahada a hankali, ta karɓa, ta sake karɓa, daga nan numfashin ya yi nisa, ya dawo, ya sake yin nisa bai dawo ba. Dakan gidan baya bai tsaya ba. Yelwa ta shafe mata ido, ta ɗaure mata haɓa, ta miƙe mata gaɓoɓi kamar yadda ita Madinan ta koya mata, ta ja zane ta rufe. Sai da ta gama duk wannan sannan ta fito ta tarbi Maijidda a zaure.

Kafin azahar gida ya cika. Matan da suka bar wa Madina giɓi a sahu su ne a gaba wajen salati da sharar hawaye. Yelwa ta ratsa su ba ta gaida kowa ba, ta dafa ruwa ta sirka, ta daka ganyen magarya, ta ajiye kafur a ƙoƙo. Da Ikilima ta iso aka buɗa mata hanya, ana raɗe-raɗin cewa marigayiya ce da kanta ta zaɓe ta, lallai Madina mai haƙuri ce. Yelwa ta sakaya ƙofa a bayansu.

Ikilima ta naɗa ƙyalle a hannu. Suka lulluɓe daga cibiya zuwa gwiwa kamar yadda ake yi. Da suka ɗaga ta za su gyara mata kwanciya, Ikilima ta yunƙura da ƙarfi sai ta kusa faɗuwa baya, don jikin ba nauyi, kamar damin karan da ya shekara a rana. A ƙugu, daidai bakin lulluɓin, ga shatin igiya ya zagaye, ya ci fata ya yi baƙi, wani wurin ya fashe. Ikilima ta tsaya tana kallo.

"Fara, Malama. Ai kin karanta a littafi."

Abu na farko a wanka shi ne a matsa cikin mamaci a hankali don abin da ya saura ya fita. Ikilima ta ɗora tafin hannu ta matsa. Yelwa na riƙe da buta tana jira. Ko ɗigo bai fito ba.

"Matsa da kyau. Ko kina ganin da saura?"

Ikilima ta sa hannu ƙarƙashin lulluɓi don yin tsarki, sai hannun ya gaya mata abin da ido bai halatta ya gani ba. Fatar cinyoyin ta saɓule, gyambo kan gyambo, inda tsumma ya yi ta gurza cikin zafi wata da watanni. Ta zaro hannu, ƙyallen ya fito da jini-jini. Wani sauti ya kuɓuce mata a maƙogwaro, ta danne baki da dantse don kada na waje su ji. Yelwa ta miƙa mata sabon ƙyalle.

Ba ta taɓa zuba ruwa a hankali kamar ranar ba. Siriri take sakinsa, yadda dole Ikilima ta bi kowace gaɓa da hannu, ta dawo ta sake bi. Suka yi mata alwala, suka wanke dama suka wanke hagu, da magarya, sannan da kafur. Ikilima ta tsefe furfurar ta wanke ta kitsa gida uku, hawayenta na ɗiga a gwiwar hannunta tana kaucewa kada ya taɓa mamaciya. Yelwa na tsaye a kanta, ba ta rage mata komai ba. Suka tsane ta, suka sa auduga inda ake sawa, suka naɗe likkafani. Ikilima ta ɗaure na ƙafa, ta ɗaure na tsakiya, ta ɗaure na kai, sannan ta zame ta zauna a jiƙaƙƙen daɓe.

"Goggo, an ce ke ce a kanta. Ba ta bar mini wata magana ba?"

Saƙon na nan a kan harshen Yelwa, ɗan gajere, bai fi numfashi ɗaya ba. An gama wanka, an ɗaure likkafani, lokacinsa ya yi. Ta dubi farin ƙyallen da ke miƙe, ta tuna giɓin nan na sahu, ta tuna ranar da Madina ta leƙo ta kan katanga tana murna zanenta a bushe. Ta ce a ranta Yaya ta yafe nata, Allah ya karɓa, amma ita wa ya nemi tata yafiyar? Wa zai amsa mata ta kan katanga gobe da safe? Yaya ta ce bayan wanka, bayan wanka kuwa yana da tsawo.

"Ruwa ta nema ta sha."

"Shi ke nan?"

"Maza na jira. Buɗe ƙofa."

Ikilima ta dafa bango ta miƙe ta buɗe. Mata suka ɗago gaba ɗaya. Wata daga cikin 'yan ajinta ta matso ta kama mata hijabi, ta yi ƙasa da murya tana tambaya yaya ta ga jikin, wai da gaske ne abin da ake faɗa. Ikilima ta buɗe baki, ta dubi matar, ta waiwaya ta dubi Yelwa da ke tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu. Ta rufe bakin. Ta zare hijabinta daga hannun matar ta ratsa tsakar gida ta fice, ana kiranta ba ta waiwayo ba.

Maza suka shigo da makara, mata suka kawar da kai aka fita da Madina. Kuka ya tashi ya lafa. Yelwa ta kwashe ƙyallayen ta ƙulle su wuri ɗaya don a binne, ta kife ƙoƙon kafur, ta share ɗakin ta kora ruwan ta rariya. Da ta fito ne ta ga silifa shuɗi a bakin ƙofa, ƙafa biyu a jere, an gyara igiyar ɗaya da zare. Ashe Ikilima ba takalmi ta taka ƙasar nan mai ƙuna har gida.

Maijidda, ido a kumbure, ta tambaya na wane ne, ko a aika a kai wa mai shi.

"Bar shi nan," in ji Yelwa. "Mai shi ta san hanya."

Ta jawo kujerar tsuguno ta zauna daga gefe, ta naɗe hannuwa a cinya. Inuwar ɗaki ta yi ta janyewa har ta bar takalman a rana. Wata kaza ta zo ta tsaya a kansu, ta karkata kai ta dube su, ta tsattsagi zaren sau ɗaya, ta wuce.